Tsokar Tarwaɗa Ba Ƙaya: Yadda Ake Fidda Ta, a Soya, a Gasa ko a Sa a Miya

A gidanmu na Garwa, a arewacin Kamaru, gunduwa-gunduwa muka tashi muka ga ana yanka tarwaɗa. Da ƙayarta da fatarta ake soya ta har ta yi ƙarau, a jefa cikin miya, kowa ya ci yana tsince ƙaya da yatsa. Ban taɓa kawo wa raina wata hanya ba sai da idon Goggo ya fara rauni. Wata rana na kai mata tuwon masakwa da miyar yakuwa, da gunduwa biyu a kai. Da na koma ɗaukar kwano sai na tarar ta cinye tuwon tas, kifin kuwa ta ture shi gefe.

Na ce, "Goggo, ko bai yi daɗi ba ne?"

Ta ce, "'Yar nan, ƙamshinsa kaɗai ya gaya mini ya yi daɗi. Amma ƙayar da idona bai gani ba, ba zan kai ta maƙogwaro ba."

Abin ya taɓa ni ƙwarai. Matar da aka haifa a bakin Binuwai, ta girma da kifi safe da yamma, yau tsoron ƙaya ya raba ta da shi. Tun daga ranar na ɗaura ɗamarar koyon fidda tsokar tarwaɗa zalla, ba ƙaya ba fata, irin wadda masu otal ke kira file da Faransanci. Ni dai sala nake ce mata, kamar yadda mahauta ke cewa salar nama. Abin da na koya shi zan shimfiɗa miki a nan, 'yar'uwa, daga kasuwa har faranti.

Ki riƙe abu guda tun yanzu, don a kansa komai ya rataya. Gunduwa tana da ƙashi a tsakiya da fata a kewaye, su ne ke riƙe ta komai daɗewarta a wuta. Sala kuwa tsirara take. Duk abin da hannunki ya saba yi wa gunduwa, doguwar suya, dogon jiƙo cikin lemon tsami, juyawa da ludayi a tukunya, idan kika yi wa sala sai ta bushe ko ta dagargaje. Yawancin aikin kafin a hura wuta ake yin sa. A kan wuta mintoci kaɗan ne.

A kasuwa

Halittar tarwaɗa ce ta sa ta dace da wannan aiki. Ba ta da ɓawon jiki irin na karfasa, kuma tsokarta ba ta da siraran ƙayoyin nan masu kama da allura da suka cika jikin tsage. Ƙashin baya ne guda ɗaya dogo, da 'yan haƙarƙari a wajen ciki, sai ƙayoyin da ke riƙe da fiffiken sama da na ƙasa. Kika raba tsoka da waɗannan, kin gama. Ramboshi ɗan'uwanta ne, shi ma haka ake yi masa, salarsa ma ta fi kauri. Kurungu kam ki bar wa farfesu, kansa da ƙayarsa sun fi tsokarsa yawa.

Ki nemi mai nauyin kilo ɗaya zuwa biyu. Wadda ba ta kai haka ba wahalar banza ce, za ki gama yanka ki ga abin da ya fito bai cika tafin hannu ba. Ƙatuwa kuma kitse ya yi mata yawa, ƙarninta ya fi ƙarfi. Ki kuma yi lissafi tun a kasuwa: kan tarwaɗa babba ne, don haka tsokar da za ki samu ba ta kai rabin nauyin kifin ba. Mai kilo ɗaya da rabi za ta ba ki wajen giram 600, abin da zai ishi mutum huɗu. A kan wannan awo zan yi duk bayanin da ke tafe.

Mu a Garwa yawancin kifinmu daga Binuwai yake da tafkin Lagdo, wanda ya samu bayan an kammala madatsar ruwan a 1982, kilomita kusan 50 daga gari. Mutanen Marwa suna samun nasu daga tafkin Maga, na Kusuri da Injamena kuma Logon da Shari na bakin ƙofarsu. A damina akan hana kamun kifi na wasu watanni a Lagdo domin kifi ya hayayyafa, lokacin sai na kiwo ya fi yawa a kasuwa. Ban raina na kiwo ba, yana yin sala mai kyau, sai dai ya fi kitse kuma tsokarsa ta fi laushi. Na kogi ya fi tauri da ɗanɗano. Wanda nake kaffa-kaffa da shi shi ne wanda aka kamo a kududdufi da fadama bayan ruwa ya ja baya, shi ne mai warin taɓo.

In da hali, ki saye ta da rai. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska da ita, shi ya sa take yin sa'o'i a baho da ɗan ruwa kaɗan tana motsi. Wannan falala ce gare mu masu zafin Maris da Afirilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, mataccen kifi kuma ba ya jiran kowa. Idan matacciya kika samu, ki ɗaga murfin kuncinta ki duba: cikin ya zama ja jawur. In ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka, ki ajiye. Ki danna jikinta da yatsa, tsoka ta dawo nan take. Ciki kada ya kumbura, yauƙin jikinta ya zama garau, warinta kuma warin kogi. Ki je da sassafe.

Idan mai rai ce kuma kina zargin ta taɓo ce, ki sa ta a babban baho da ruwan rijiya mai tsabta kwana ɗaya ko biyu, kina canja ruwan safe da yamma, ba tare da ba ta abinci ba. Ki rufe da abu mai nauyi amma ki bar kafar iska, don tarwaɗa tana tsalle ta fice, ta ja ciki har bakin zaure.

Jini da yauƙi

Kifi ba ya buƙatar yanka kafin ya halatta, kowa ya san wannan. Amma tsokar tarwaɗa tana riƙe jini, kuma jinin da ya kwanta a ciki yana ƙara ƙarni, yana sa sala ta yi duhu. Ki naɗe ta da tsohon buhu don ta riƙu, ki kula da ƙayoyi biyu masu tsini da ke gefen kanta, hagu da dama, sukansu yana da zogi. Ki buga mata abu mai nauyi a tsakar ka, bugu ɗaya mai ƙarfi, sannan ki yanka ƙarƙashin maƙogwaro, ki sa ta cikin ruwan sanyi minti biyar zuwa goma jinin ya tsiyaye. Ba na son al'adar nan ta zuba mata gishiri tana da rai a bar ta tana birgima har ta mutu. Halittar Allah ce, a sauƙaƙa mata. In ba za ki iya ba, ki ce wa mai kifin, "Baba, a taimaka a kashe mini ita a zubar da jinin, amma kada a yi gunduwa." Ki faɗa da wuri, don hannunsu ya saba, kafin ki rufe baki sun datsa ta gida biyar.

Sai yauƙi. Tokar murhu mai laushi, wadda kika tankaɗe gawayi daga ciki, ita ce ta fi komai. Ki barbaɗe kifin da ita, ki murza daga kai zuwa wutsiya, ki kankare da bayan wuƙa, ki ɗauraye. In ba ki da toka, gishiri mai tsakuwa da ɓarin lemon tsami za su yi. Na san da yawa tafasasshen ruwa suke kwara mata, yauƙin ya yi fari ya saɓule. Ga mai gunduwa ba laifi. Ga mai sala kuwa ruwan zafi yana fara dafa tsokar da ke ƙarƙashin fata, in kin zo saɓule fatar sai ta taho da tsoka a jikinta.

Ki tsaga cikin daga wajen dubura zuwa maƙogwaro, da bakin wuƙa yana kallon sama don kada ya huda hanji. Ki ciro kayan ciki gaba ɗaya a hankali. Akwai 'yar jaka koriya maƙale da hanta, maɗaciya ke nan. In ta fashe, duk inda ruwanta ya taɓa sai ya yi ɗaci, sai dai ki yanke wajen. Ki kankare daskararren jinin da ke kwance jikin ƙashin baya ta ciki, ki ɗauraye, ki goge kifin da tsumma mai tsabta har ya daina santsi a hannu.

Fidda sala

A nan ake bukatar natsuwa. Wuƙa siririya mai ɗan tsawo, wadda kika wasa yanzu-yanzu. Dakusasshiyar wuƙa tana yaga tsoka, kuma ita ce ke zamewa ta yanki mai ita. Ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ƙarƙashin katakon yanka don kada ya motsa.

Ki kwantar da kifin a gefensa, bayansa yana fuskantarki. Ki taɓa da yatsa ki ji inda ƙashin kai ya ƙare, tsoka ta fara. Daidai nan, bayan ƙayar gefe, ki yanka a karkace har sai kin ji wuƙa ta tsaya a kan ƙashin baya. Kada ki datse ƙashin.

Yanzu ki dubi doguwar fiffiken da ta bi bayanta tun daga kusa da kai har wutsiya. Ita ce jagorarki. Ki ja bakin wuƙa a jikinta, ta gefen sama, daga yankan farko har wutsiya, zurfin da bai wuce gaɓar yatsa ba. Hanya kawai kike buɗewa. Sai ki sa babban yatsan hagu ki ɗaga leɓen tsokar, ki koma farko ki sake jan wuƙa, wannan karon tana jingine da ƙashi. Ja ɗaya dogo, sannan wani, sannan wani, kowanne yana ɗan ƙara zurfi. Kada ki yi ta gurzawa gaba da baya kamar mai zarto. Kunnenki ma zai taimake ki: matuƙar kina jin ƙarar wuƙa tana gogar ƙayoyi, kina kan hanya. In ta yi shiru, kin shiga cikin tsoka, kina barin rabonki a jikin ƙashi.

Da kin iso tsakiya, inda ƙashin baya ya yi tudu, ki ɗan ɗaga wuƙa ta haye shi, ki sunkuyar da bakinta ta gangara ɗaya ɓangaren. A wajen ciki za ki ci karo da haƙarƙari. Ki bi ta samansu, kina janye tsoka da hannu, ki bar su a jikin ƙashi. Daga dubura zuwa ƙasa babu haƙarƙari, sai ki zura wuƙa ta fita ɗaya gefen, ki ja ta a kwance har wutsiya. Sala ta farko ta fita. Ki juya kifin ki yi wa ɗaya gefen haka. Na biyu ya fi wuya, don kifin ya daina kwanciya daidai. Ki matso da shi bakin katako, ki danne da tafin hannu.

Saura fata. Ki shimfiɗa sala, fatar tana ƙasa, wutsiya wajenki. A ƙarshen wutsiya ki yanka tsoka kaɗan har wuƙa ta taɓa fata, ki samu ɗan abin kamawa. Ki dangwali gishiri da yatsu, ko ki kama da tsumma. Ki kwantar da wuƙa tsakanin fata da tsoka, bakinta ya ɗan kalli ƙasa, ki riƙe ta cak, sai ki riƙa jan fatar zuwa gare ki kina karkaɗa ta hagu da dama. Fatar ce ke tafiya, wuƙa tana tsaye. Fatar tarwaɗa tana da ƙarfi, da wuya ta tsinke. Wasu sukan zagaye wuyan kifin da wuƙa tun yana ɗungum, su kama fatar da filaya su saɓule ta kamar riga, sannan su fidda tsoka. Duk wadda ta fi miki sauƙi.

Kada ki damu in ta farko ta fito a yage, ko kika bar tsoka jikin ƙashi. Ba asara ba ce, tukunyar romo na jiran ta. Zuwa kifi na uku ko na huɗu hannu zai gane hanya.

Inda ƙarni ke ɓuya

Ki kifa salar, gefen da fata ta bari ya kalli sama. Za ki ga wani jan layi mai duhu ya ratsa tsakiyarta, da kitse ruwan ɗorawa a gefuna, musamman wajen ciki da gindin fiffike. Waɗannan ki shafce su da wuƙa, sama-sama. Dalili kuwa, warin taɓon da ake kuka da shi daga wani sinadari yake, jiyosmin, wanda wasu ƙananan halittu ke saki a ruwan da ba ya gudu. Shi ne dai ƙamshin nan da ƙasa ke yi ranar ruwan farko, wanda muke so a hanci amma ba ma so a baki. Kifi yana shan sa daga ruwa, ya taru a kitsensa. Kika cire kitse da jan layin, kin rage mafi yawansa. Tsami kuma yana karya ragowar.

Sai ki bi kowace sala da yatsa, daga kai zuwa wutsiya da kuma akasin haka, kina neman ƙayar da ta maƙale. Wajen haƙarƙari da gefen fiffike nan suka fi ɓuya. Ni sau biyu nake bi, don saboda wannan aka fara aikin tun asali.

Ki yanka kowace sala gida uku ko huɗu, faɗin yatsu uku. Ki ware na wajen wutsiya da na ciki daban, sirara ne, sun fi saurin nuna. Ki ɗauraye sau ɗaya da ruwan sanyi, da sauri. Kada ki bar su jiƙe a ruwa.

Ga giram 600, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a shafe, ya isa. In za ki sa Maggi, ki rage gishirin da rabi. Ki daka tafarnuwa ƙwaya huɗu, ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, da rabin ƙaramin cokali na masoro. In kin samu farin masoron Penja, wanda ake kawowa daga kudu, ƙamshinsa yana tafiya da kifi sosai. Barkono gwargwadon bakin mutanen gidanki. Ki matse lemon tsami biyu ƙanana a kai, ki cuɗa kifin a hankali, ki rufe, ki ajiye a firji ko wuri mafi sanyi a gidan. Minti goma sha biyar, in ya yi yawa ashirin. In kika wuce haka, tsami zai fara dafa tsokar tun ba ta ga wuta ba: ta yi fari, ta saki ruwa, a kasko kuma ta farfashe. Ruwan tsamiya mai ɗan kauri yana maye gurbin lemo. Kindirmo ma yana yi, jiƙon rabin awa, yana kuma sa gari ya kama jiki da kyau, amma na san gidaje da yawa ba sa haɗa kifi da nono, namu ma Goggo ba ta yarda ba, sai na tsaya a kan lemo. Albasa kam kada ki daka ta a ciki in suya za ki yi. Ruwa take saki, kuma ita ke fara ƙonewa.

In ba yau za ki dafa ba, kada ki sa lemo. Ki tsane salar, ki rufe ta a firji, kada ta wuce kwana biyu. Inda wuta ke yawan ɗaukewa kuwa kada ma ki dogara da firji, ki saya ranar da za a ci. Wadda ta daskare a firiza ta narke, a dafa ta, kada a mayar.

Suya

Ki haɗa kofi ɗaya na garin masara, wanda bai yi laushi can ba, da babban cokali biyu na garin shinkafa ko fulawa, da ɗan gishiri da barkono. Garin masara shi ke ba da ƙaras-ƙaras, kuma ba ya shan mai kamar fulawa zalla.

Ki ciro kifin, ki share dakakken kayan da ya taru a jikinsa, don gutsattsarin tafarnuwa suna ƙonewa su yi ɗaci. Ki tsane kowane yanki da tsumma mai tsabta. Danshi kaɗan ake so, wanda gari zai kama. Ki birkiɗa shi cikin gari, ki danna, ki kakkaɓe, ki jera a tire ba tare da ɗora wani kan wani ba. Ki bar su minti biyar. Wannan ɗan jira ne ke sa gari ya zauna, ya ƙi zubewa a mai.

Kasko mai kauri, mai faɗi. Man gyaɗa shi ne zaɓina, ƙamshinsa ya san kifi. Man auduga na Diamaor, wanda kamfanin Sodecoton ke yi a nan arewa, shi ma yana jure zafi kuma ba ya danne ɗanɗano. Zurfin mai kamar gaɓar yatsa ɗaya, yadda zai kai rabin kaurin kifin. Zafin da ake nema digiri 175 zuwa 180 ne. Ba kowa ke da ma'auni ba, to ki jefa ɗan gari: in ya yi cuuu ya taso nan take, mai ya yi. In ya nutse shiru, da saura. In ya yi baƙi kafin ki ƙirga goma, ko mai na hayaƙi, ki janye itace ko ki sauke kasko ya huce kaɗan.

Ki kwantar da yanka ɗaya-ɗaya, kina sakin sa ta gefen da ke nesa da ke don kada mai ya fantsamo miki. Ki bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu. Cika kasko yana kashe zafin mai, kifi ya koma dahuwa cikin ruwan jikinsa, ya sha mai ya yi laɓo-laɓo. Gara ki yi zubi uku.

Daga nan ki cire hannu. Kada ki taɓa, kada ki tura, kada ki leƙa ƙasansa. Minti uku zuwa huɗu ga yanki mai kaurin yatsa. Za ki ga gefuna sun yi ja, farin nuna yana hawowa daga ƙasa. Ki zura matsami a hankali: in ya saki kasko da kansa, lokacin juyi ya yi, in ya riƙe, ki ƙara masa rabin minti. Juyi ɗaya tak. Ɗaya gefen minti biyu zuwa uku. Na wutsiya da na ciki minti biyu-biyu sun ishe su, su za ki soya a ƙarshe.

Yadda za ki tabbatar ya nuna: ki soka bakin wuƙa a wajen da ya fi kauri, ki ɗan murɗa. Tsokar ta rabu sala-sala cikin sauƙi, launinta ya zama ɗaya har tsakiya, babu sauran sheƙin ɗanye. Mai ma'auni ta nemi digiri 63 a tsakiyar tsoka. Kifin ruwan daɗi ba a cin sa da sauran ɗanye, yana iya ɗauke da tsutsotsin da wuta ce kaɗai ke kashe su. Amma da zarar ya kai nan, ki tsame. Idonki da ya saba da gunduwa zai ce miki bai soyu ba, a ƙara. Kada ki biye masa. Minti biyun da za ki ƙara su ne za su mayar da shi busasshe kamar ɓawon itace.

Ki ɗora a kan raga ko gwagwa mai ya tsiyaye, iska na ratsa ƙasa. Kada ki rufe shi a kula ko langa yana da zafi, tururi zai jiƙa garin. Kafin zubi na gaba ki tsame burbushin da ya zuba a mai, ki jira zafi ya dawo. A ci nan take, da yankakken tumatir da albasa da lemo, ko da dafa-duka, ko soyayyen dankali. A zafin bazara kada soyayyen kifi ya wuce awa ɗaya a waje. Wanda ya kwana a firji a ɗumama shi a busasshen kasko.

Gashi da miya

In gashi kike so, ki zaɓi yanka masu kauri, kuma a nan barin fata yana da amfani, ita za ta tare wuta. Ki jira gawayi ya daina harshe, farar toka ta rufe shi. Ki shafe raga da mai, ki shafe kifin da mai, ki barbaɗa masa yajin ƙuli-ƙuli irin na masu tsire. Ƙuli yana saurin ƙonewa, don haka ki ɗaga raga kamar tsawon tafin hannu daga garwashi. Gefen fata ya fara sauka, minti biyar, sannan ɗaya gefen uku zuwa huɗu. Raga mai ninki biyu, wadda ake maƙale kifi a tsakiya a juya gaba ɗaya, ta fi aminci.

Miya kuma ƙa'idarta ɗaya: ki gama miyarki tukuna. Ko ta tumatir ce ko ta yakuwa da gyaɗa, wadda maƙwabtanmu Fulani ke kira folere, ta dahu, mai ya taso, gishiri ya ji. Sannan ki rage wuta, ki jera ɗanyar sala a sama, ki ɗebo miya da cokali ki lulluɓe ta, ki rufe. Minti shida zuwa takwas. Ludayi ba ya sake shiga tukunyar. In kina tsoron kamu, ki kama kunnuwan tukunya ki girgiza a hankali. Tsamin yakuwa yana kashe duk ragowar ƙarni, shi ya sa ita ce miyar da na fi yi wa tarwaɗar fadama.

Kai da ƙashi

Fiye da rabin kuɗinki yana nan kan katako, kada ki zubar. Ki tsaga kan gida biyu ta ƙasa, ki cire jajayen abubuwan numfashi duka, har da wanda ya yi kama da reshen bishiya a can sama. Nan ne ruwan zafi ke da amfani: ki kwara wa kan da ƙashin da fatar, ki kankare, ki ɗauraye. Ki zuba a tukunya da ruwa ya ɗan sha kansu, da albasa, citta, masoro, kimba ɗaya da kika fasa, attaruhu da daddawa. Wuta kaɗan-kaɗan, minti ashirin da biyar zuwa talatin, kina kwashe kumfa. Ganyen ɗoɗɗoya a ƙarshe. Maigida da samarin gida su sha farfesun kai, masu haƙori da ido.

Kafin ki zuba musu, ki ɗebi kofi biyu na romon ki tace da rariya mai ƙananan ido, ko ƙyalle mai tsabta. Da shi nake haɗa miyar Goggo da ta yara maimakon ruwa. Tacewar ba abin wasa ba ce, don ƙananan ƙayoyin fiffike suna saki cikin romo, in suka shiga miyar yakuwa kuwa ba mai ganin su. Idan na zuba mata, nakan wanke hannu in marmasa kifin da yatsuna a kan tuwon, yanki bayan yanki, sannan in kai mata.